Ranar da Mai Aski Ya Riƙe Tsani

Shekara uku Mai Aski bai sa almakashi a kansa ba. Ba ciwo ne ya hana shi ba, rantsuwa ce. Ran da ya gama karanta littafi na shida a jerin *Tsanin Gajimare*, ya tsaya a tsakiyar shagonsa ya ɗaga reza sama, ya ce shi da aski sai ya san abin da ke bayan ƙofar sama. Don kuwa a shafin ƙarshe, Jarumi Mai Takobin Ƙanƙara ya hau tsani mai matakala dubu, ya kai hannu zai tura ƙofar, sai marubuciyar ta ɗiga aya ta yi tafiyarta. Tun daga ranar gashi ya yi ta tohowa har ya rufe masa kunnuwa da gefen idanu. Sababbin kwastomomi in sun leƙo suka ga mai shagon, sai su ce ɓatan hanya suka yi.

Shi ne shugaban ƙungiyar masu karanta jerin, kuma a shagonsa ake taro kowace Asabar, a kan bencin masu jiran layi. Dokoki goma sha ɗaya ya rubuta da hannunsa ya manna a jikin madubi. Goma daga ciki ba wanda ya damu da su. Ta ɗaya kuwa kowa na shakkarta: duk wanda ya faɗa wa wani ƙarshen labari kafin ya karanta da kansa, ko da baki, ko da ido, ko da tari, korarre ne har abada. Da wannan doka aka kori wani tela, saboda ya yi ajiyar zuciya a gaban mutumin da ke tsakiyar littafi na huɗu.

Ran da littafi na bakwai ya fito, Mai Aski ya rufe shago da rana tsaka, ya hau kujerar aski, ya kwantar da bayanta, ya buɗe shafin farko. Bai ga Jarumi ba. Wani mutum ya gani tsaye a gindin tsani, ya riƙe shi da hannu biyu. Da ƙyar ya tuna shi. A littattafai shida sau shida mutumin ya bayyana, ba suna, ba takobi, kuma kowane karo kalma biyu ce tasa: "Na riƙe."

Shafi na goma, yana riƙe. Shafi na ashirin, tururuwa ta hau masa ƙafa ba halin susa. A shafi na ashirin da takwas takalmi ɗaya ya faɗo daga sama, mutumin ya ɓata shafi biyu cur yana tunanin na waye. Yaƙin da aka yi shekara uku ana jira yana can sama ana gwabzawa, mai karatu kuwa an tsayar da shi a ƙasa yana kallon katako. A shafi na talatin Mai Aski ya rufe littafin ya sake rantsuwa, cewa idonsa ba zai ƙara sauka a kan harafi ɗaya na wannan cin amana ba.

Taron Asabar ɗin ya cika har bakin titi. Mai Kemis, magatakardan ƙungiyar, mutum mai son doka fiye da abinci, ya zo da na'urar awon jini ya nuna wa kowa abin da littafin ya yi masa. Direba ya ce shi nasa ya sa a ƙarƙashin tayar mota, kuma gaskiya a nan ya yi amfani. Wata malamar lissafi ta ce ta ƙirga, kalmar "jira" ta fito sau dubu da ɗari uku. Wani ya zo da bandeji a goshi, bai ma san jerin ba, wucewa yake aka jefo littafin ta tagar bene, ya zo neman wanda zai kai wa ƙara. Aka yi ittifaƙi cewa masu sayar da tsani ne suka haɗa baki da marubuciyar.

Abin haushin shi ne, a gari akwai waɗanda littafin ya shiga ransu. Mataimakan shugabannin makaranta, kwandastoci, nas-nas masu miƙa wa likita almakashi, da wani mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa da ya shekara tara a benci ba a taɓa sa shi wasa ba. Suka kira kansu 'Yan Ƙasa. In sun haɗu a hanya ɗaya ya ce, "Ka riƙe?" ɗayan ya ce, "Na riƙe," sai su rungume juna. Masu gyaran lantarki suka fara kuka da su, don ba dama a jingina tsani a titi sai mutum biyar sun taso suna rububin riƙewa.

Mai Aski bai san gobarar ta shiga gidansa ba. Matarsa, wadda suka shekara ashirin da biyu tare, ita ke wanke tawul ɗin shago, ita ke tafasa mataji, ita ke kawo shayi ranar taro ta koma. Ita ce ma ta fara karanta littafi na ɗaya ta miƙa masa, amma wannan ya daɗe da mantawa. Ba a taɓa sa ta a ƙungiya ba, tunda dole wani ya tsaya a kan tukunyar shayi. Ta tsinci littafin inda ya yar da shi a bayan kujera, ta cinye shi a kwana uku. Ran Laraba ya dawo ya tarar da ita a kicin tana hawaye.

"Albasa ce?" in ji shi.

"Littafin ne."

"Ai dole! Ni ma da na ci gaba, kukan zan yi don baƙin ciki."

"Ka karanta shi, Maigida. Har ƙarshe."

"Na rantse, Maman yara."

"Kai kullum cikin rantsuwa kake. Dubi kanka kamar gidan tsuntsu."

"To ki gaya min, mutum ya tsaya yana riƙe da katako, ina labari a nan? Me ke faruwa da wanda ke tsaye a ƙasa? Ba komai!"

Ta goge fuska da bayan hannu ta ce, "Shekara ashirin da biyu ba ka taɓa tambaya ba. Ran Asabar zan tafi wurin Yaya, kuma ban sa ranar dawowa ba."

Ya ɗauka wasa ne, sai ran Juma'a da ya ga baƙar jaka a bayan ƙofa, cike, an zuge ta. Abin ya dame shi, don yana son matar nan, ko da yake bai taɓa ganin dalilin faɗa mata ba. Sai dai ran Asabar ɗin ne ƙungiya za ta yi zanga-zanga a shagon littattafai, shi kuwa shugaba ne. Ya yanke shawarar zai ba ta haƙuri bayan an tashi.

Shagon littattafan bene ne hawa biyu. Shirin shi ne a rataya ƙyalle daga kan rufi, an rubuta masa da jan fenti: A DAWO MANA DA JARUMI. Aka aro dogon tsani aka jingina shi a bangon gefe, cikin lungu. Ƙarfe goma daidai Mai Aski ya naɗe hannun riga ya sa ƙafa a matakalar farko, tsani ya yi rawa.

"Wani ya riƙe min," in ji shi.

Mutum arba'in, kowa ya kau da kai. Mako biyu suna zagin mai riƙon tsani, wa zai yarda yau a gan shi a wannan matsayi? Mai Kemis ya ce shi magatakarda ne, hannunsa na biro ne. Direba ya ce kafaɗa ke damunsa.

Sai ga matar Mai Aski ta ratso taron da baƙar jaka a kafaɗa, don hanyar tasha ta nan ta bi.

"Tunda riƙon tsani ba aiki ba ne," in ji ta, "kai ka riƙe, ni in hau."

Jama'a suka zuba masa ido. Ya ga dama ta samu ya nuna wa duniya cewa abin da aka ɓata wa shafi ɗari huɗu bai kai minti biyar ba. Ya yi dariya ya kama tsanin.

"Ƙa'idar biyu ce," in ji ta. "Ba a kallon sama, don ƙura za ta cika maka ido ka saki. Kuma ba a saki sai wanda ya hau ya ce a saki."

"Na ji. Jakar fa? Ki ajiye."

"Da ita zan hau."

Ta karɓi ƙyallen ta hau. Yana jin nauyinta a tafin hannunsa, matakala bayan matakala, har nauyin ya ɗauke. Can ya ji jama'a sun yi tafi, ya san ƙyalle ya rataya. Sai wani abu ya faɗo, ƙil, tsakanin ƙafafunsa. Ya yi ƙasa da ido. Makullin gidansu ne, nata, mai jan zare. Ba halin ɗauka, hannu biyu duk suna kan aiki.

To ni da ku ba 'yan ƙungiya ba ne, dokar ba ta hau kanmu ba, don haka bari in faɗa. A ƙarshen littafi na bakwai, Jarumi bai sauko ta tsani ba. Ya gama yaƙinsa ya hau bayan gaggafa ya sauka ta wancan gefen duniya. Haka nan matar Mai Aski. Ta ɗaure ƙyalle, ta ga ƙofar matakalar cikin shago a buɗe, ta bi ta sauko, ta fito ta babbar ƙofa da jakarta ta nufi tasha. Mutum arba'in sun gan ta. Mijinta kaɗai bai gani ba, don fuskarsa na bango, gashinsa kuma ya tare masa gefe da gefe.

Direba ya buɗe baki zai yi magana, Mai Kemis ya toshe masa da littafin rajista.

"Doka ta ɗaya!" ya ce cikin raɗa.

Aka ja da baya aka yi taron gaggawa a bakin lungu. A nan asiri ya tonu: duk cikarsu sun karanta littafin har ƙarshe a ɓoye, har Direba, wanda ya ciro nasa daga ƙarƙashin taya. Shugaba kaɗai ne ya tsaya a shafi na talatin. Mai Kemis ya yi bayani dalla-dalla, cewa duk wanda ya ce wa Shugaba wadda ta hau ta sauka ta wata hanya, ya faɗa masa ƙarshen labari ke nan. Malamar lissafi ta ce amma ai wannan mutum ce, ba littafi ba. Mai Kemis ya ce doka ba ta bambanta ba. Aka ɗaga hannu, talatin da bakwai suka goyi bayansa. Wani tsoho da ke da tarin gaske aka raka shi gida, kada a yi kuskure. Shugaba dai shi ya rubuta dokar: tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Ƙarfe goma sha ɗaya rana ta sauka a ƙeyar Mai Aski. Gumi ya fito daga dajin kansa yana bin hancinsa. Ƙuda ya zo ya zauna a leɓensa na sama kamar ya biya haya. Ya haddace bangon da ke gabansa: tsagewa ɗaya mai reshe uku, tabon fenti, da layin tururuwa da ke kai wani abu fari cikin rami. Ɗaya daga cikinsu ta bar layi ta gangaro ta shige masa ƙafar wando. Ya tuna shafi na ashirin, ya ciji haƙori.

"Maman yara!" ya kira, bai ɗaga kai ba. "Kin gama?"

Tantabaru ne kawai suka amsa.

"Kai, ku da ke baya, me take yi a can?"

Mutum arba'in suka haɗiye yawu a tare. Mai Kemis ya ce, "Shugaba, ba mu da hurumin cewa komai."

Da rana ta yi tsaka Direba ya kawo masa ruwa ya ɗura masa a baki. Kwastomomi biyu suka biyo shi har lungun, ɗaya yana da ɗaurin aure gobe. Mai Aski ya ce masa ya jira. Mutumin ya ce har yaushe, ya ce bai sani ba. Faɗin haka ya sa ya tuna sau nawa yakan ce wa matarsa "yanzu zan dawo," ya tafi taro ya yini.

Ƙarfe ɗaya labari ya kai wa 'Yan Ƙasa. Suka zo a jere suka tsaya a bayansa shiru, hannu a ƙirji. Mai tsaron gidan nan na benci ya fashe da kuka ya ce bai taɓa ganin riƙo mai kyau irin wannan ba, dubi yadda ya ware ƙafa. Nan take suka naɗa shi uban ƙungiyarsu. Mai Aski ya zage su tas, fuskarsa na bango, suka yi masa tafi.

Daga nan bai ƙara jin hayaniyarsu ba. Makullin yake kallo. Faɗowa ya yi, ko jefowa ta yi? In faɗowa ne, za ta neme shi. In jefowa ne, to ta gama da gidan. Ya juya wannan tambaya ta fi sau ɗari, ya ga shafi biyun da aka ba takalmi ma rowa aka yi. Kafaɗunsa suka yi zafi, suka dawo suka mutu. Sau uku zuciyarsa ta ce saki ka leƙa, minti ɗaya ne. Sau uku ya ga ƙafarta a ransa tana laluben matakalar sama a daidai wannan mintin. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya ƙara damƙe katakon.

Ƙarfe huɗu da rabi inuwa ta rufe lungun. Sai ya ji muryarta.

"Ka riƙe?"

"Na riƙe," in ji shi, muryarsa a dishe. "Sauko a hankali. Matakala ta uku daga ƙasa tana rawa, ki tsallake ta."

"Maigida, ina bayanka."

Bai saki ba. Ya karkato da wuya iyakar yadda zai iya, ta cikin gashi ya hango ta tsaye da baƙar jaka, ƙafafunta duk ƙurar hanya.

"Tun ƙarfe goma da kwata na sauka," in ji ta, "ta matakalar cikin shago. Ina tasha. Mota huɗu ta cika ta tashi a gabana. Na ce bari in zo in duba, in na tarar da tsani shi kaɗai, in koma in shiga ta biyar."

Mai Aski ya juya ido kan jama'arsa. "Kuna gani? Awa shida kuna gani, ba wanda ya ce min uffan?"

"Doka ta ɗaya, Shugaba," in ji Mai Kemis, yana kallon ƙasa.

Ya haɗa lissafi. "Wato Jarumi ma..." Bai ƙarasa ba. Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya gane duk sun karanta.

Mai Kemis ya buɗe rajista ya ce, da baƙin ciki, dole a kori matar Shugaba, tunda ta tona ƙarshen labari a bainar jama'a. Ya bi sunaye da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi, sannan ya ce a hankali, "Ba ta ciki." Kunya ta lulluɓe Mai Aski har ya gwammace rana ta dawo ƙeyarsa.

"Maman yara," ya ce, "tunda ke doka ba ta kama ki, faɗa min. Me ke bayan ƙofar sama?"

"Ba a faɗa ba."

"To shi mutumin, wa ya dawo ya ce masa ya saki?"

"Ba kowa. An yi wa Jarumi kiɗa kwana bakwai a wancan gefen. Littafin ya ƙare shi yana tsaye."

Mai Aski ya kifa goshi a kan matakala ya yi kuka, kukan gaske, a gaban ƙungiyoyi biyu da mai ɗaurin aure gobe. Ta bar shi ya yi mai isarsa.

"Saki," in ji ta.

Hannayen suka ƙi buɗewa. Ta ajiye jaka ta ɓamɓare masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya a lanƙwashe kamar ƙugiya. Ta sunkuya ta ɗauki makullin, ta hure ƙurar, ta ɗaura shi a gefen zani. Bai tambaye ta faɗowa ya yi ko jefowa ta yi ba. Ya miƙa lanƙwasassun yatsunsa, ta rataya masa jakar, suka kama hanyar gida, suka bar ƙungiyoyin biyu suna gardamar wanda zai mayar da tsani.

Sai da suka wuce kwanar shagonsa ya ce, "Ranar Asabar, in kin kawo mana shayi kin koma, me kike yi?"

"Labarin da tsawo."

"Shafi nawa?"

"Ya fi ɗari huɗu. Kuma ba yaƙi a ciki."

Ya gyara jakar a hannu ya rage sauri. "Fara daga na ɗaya," in ji shi.